Saman ciko ya yi tauri, to ƙasansa fa? Abubuwan da ke sa cikon haƙori ya daskare da kyau ko ya kasa

Tambaya: Ina cikin koyon aikin haƙori, kuma na fara yin ciko mai launin haƙori, irin wanda ake daskararwa da fitila. Ina haska shi har sai na taɓa samansa na ji ya yi tauri, amma bayan 'yan makonni sai wani ya dawo yana kukan tsamin haƙori, wani kuma gefen cikon ya ɓalle. Mene ne ke sa irin wannan ciko ya daskare da kyau ko ya kasa?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari, kuma ka yi dabara da ka yi wannan tambaya tun hannunka bai saba da wata hanya ba. Abu na farko da nake so ka cire daga ranka shi ne gwajin nan na taɓa saman ciko da tsinken bincike. Ba ya gaya maka komai. Fitilar da ƙarfinta ya ragu ƙwarai ma tana iya taurara saman kwamfosit, wato wannan kayan ciko mai launin haƙori, cikin 'yan sakanni, domin saman ne ke fuskantar hasken kai tsaye. Inda aikin yake lalacewa shi ne can gindin rami, wurin da idonka ba ya gani, tsinkenka kuma ba ya kaiwa. Kamar taɓo ne da rana ta busar da samansa: ka taka ka ji ƙarfi, ƙasa kuwa ɗanye shar. Duk abin da zan faɗa maka a ƙasa yana komawa ga tambaya ɗaya ce, wato nawa ne daga cikin hasken da ya fito daga bakin fitila ya isa gindin cikon, kuma wane irin haske ne.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin kayan. Kwamfosit haɗi ne na abu uku. Akwai ruwan resin mai danƙo, wanda ƙananan ƙwayoyinsa irin su Bis-GMA da UDMA da TEGDMA suke a warwatse. Bis-GMA ɗin nan Rafael Bowen ne ya samar da shi a Amurka a farkon shekarun 1960, kuma har yau shi ne ƙashin bayan yawancin kayan ciko. Akwai garin gilashi ko silika ko zirkoniya da ake cusawa ciki domin ƙarfi. Sai kuma ɗan sinadarin da ke karɓar haske ya tayar da daskarewa, wanda a mafi yawan kaya kamforkwinon ne tare da wani abokin aikinsa daga dangin amin. Idan shuɗin haske ya faɗa kan kamforkwinon, sai ya saki ƙwayoyi masu zafin nama da ke ɓalle mahaɗan ƙwayoyin resin, su kuma su kama juna su zama sarƙa, sarƙoƙin su sarƙafe su zama raga mai tauri. Ko a aiki mai kyau ba duka mahaɗan ne ke ɗaurewa ba. Yawanci kashi 55 zuwa 75 cikin ɗari ne ke juyewa, domin da zarar ragar ta fara tauri sauran ƙwayoyin ba sa samun hanyar motsi. Ka ga ke nan tun asali ba mu da rarar da za mu yi wasa da ita. Idan gindin cikon ya tsaya ƙasa da wannan, ragowar resin ɗin da bai ɗaure ba yana tsotsar ruwa, yana narkewa a cikin miyau, yana iya ratsa dentin, wato sashen haƙori da ke ƙarƙashin ɓawonsa, ya fusata jijiyar haƙori, cikon kuma ya yi laushi, ya canja launi, gefensa ya buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya.

Launin haske shi ne sharaɗi na farko. Ana auna launin haske da tsawon zangonsa a nanomita, kuma kamforkwinon yana shan haske tsakanin nanomita 400 zuwa 500, ya fi sha kuma a wajen 468. Fitilun LED na yau da kullum an ƙera su ne su fitar da haske a daidai wannan yanki, kusan 450 zuwa 470, shi ya sa suke dacewa da yawancin kaya. Matsalar tana zuwa ne daga launin kamforkwinon kansa, domin rawaya ne. Masu ƙera kaya masu fari sosai, irin waɗanda ake sa wa haƙoran da aka yi wa wankin fari, sukan rage shi su ƙara wani sinadari kamar TPO, wanda yake shan haske a yankin shunayya, kusan 380 zuwa 420. Kamfanin Ivoclar ma yana da nasa mai suna Ivocerin, wanda ya fi sha a kusa da 408 amma yana taɓa shuɗi. Idan ka haska kayan da ya dogara da TPO da fitila mai shuɗi zalla, sinadarin ba zai farka yadda ya kamata ba, komai ƙarfin fitilar. Don haka aka fito da fitilu masu ƙwayoyin haske iri biyu, shuɗi da shunayya, irin su Bluephase da Valo. Tsohuwar fitilar halojin tana rufe yankin duka da kanta, sai dai tana da nata aibin da zan zo kansa. Ka sani kuma hasken shunayya ba ya nutsawa cikin kaya kamar shuɗi, yana watsewa da wuri, saboda haka kayan da ke dogara da shi ya fi buƙatar a sa shi siriri. Takardar da ke cikin kwalin kwamfosit tana faɗin yankin hasken da yake so da tsawon lokacin da za a haska. Mutane da yawa suna jefar da ita ba su karanta ba, alhali ita ce abu mafi amfani a cikin kwalin bayan kayan kansa.

Sai yawan hasken. Ana auna ƙarfin fitila da miliwat a kan kowane murabba'in santimita, idan ka ninka shi da sakannin da ka haska sai ka samu jimillar kuzarin da ya sauka, a jul. Adadin da aka saba ambata ga shimfiɗar kwamfosit mai kaurin milimita 2 shi ne kusan jul 16 a murabba'in santimita. Fitila mai miliwat 400 tana kai wannan a sakan 40, mai 800 a sakan 20. Yawancin fitilun LED na yanzu suna bayar da 1000 zuwa 1500, shi ya sa kamfanoni ke rubuta sakan 10 ko 20. Amma wannan lissafi yana da iyaka, kuma a nan mutane ke ruɗuwa. Ba za ka ce tunda fitila tana da 3000 to sakan 5 ya wadatar ga kowane kaya ba. Sarƙar resin tana buƙatar lokaci kafin ta yi tsawo. Idan aka zuba haske mai yawa lokaci guda, ƙwayoyi masu tayar da daskarewa suna yin yawa har su riƙa kashe junansu, sarƙoƙin su fito gajeru. Akwai kayan da aka ƙera musamman domin haskawar sakan 3 da fitilarsu ta musamman, amma wannan haɗi ne da aka tsara tare, ba izini ba ne ga kowane kwamfosit. Wani abin kuma, idan hannunka ya goce na sakan ɗaya a haskawar sakan 3, ka yi asarar kashi ɗaya cikin uku na hasken. A haskawar sakan 20, asarar kashi 5 cikin ɗari ce kawai. Ni a ganina mai koyo ya zauna a kan matsakaicin ƙarfi da sakan 20, ya fi masa aminci.

Lambar da aka rubuta a jikin fitila ma kada ta burge ka kafin ka dubi faɗin bakinta. Ƙarfin da ake tallatawa ana samunsa ne ta raba jimillar hasken da faɗin bakin. Ɗauki fitilar da ke fitar da miliwat 500 gaba ɗaya. Idan bakinta milimita 7 ne, faɗinsa ya kai murabba'in santimita 0.385, lambar za ta fito kusan 1300. Idan aka sa mata baki mai milimita 10, faɗin ya zama 0.785, lambar ta sauko kusan 640. Haske ɗaya ne, lamba ta ninka saboda an matse baki. Amma turmin babban mutum yana kai milimita 10 zuwa 11 daga gaba zuwa baya, don haka ƙaramin baki ba zai rufe cikon da ya ratsa turmi daga gefe zuwa gefe ba. Wanda ya ɗora shi a tsakiya ya haska sau ɗaya, ya daskarar da tsakiya ya bar gefuna biyu, kuma gefunan nan su ne wuraren da suka fi zurfi. Dole a haska kowane yanki daban, haskawa ɗaya tana hawa kan gefen ɗaya. Ban da haka, hasken ba ya fita daidai a duk faɗin bakin. A wasu fitilu tsakiya ce ke da ƙarfi gefe ya yi rauni, a masu ƙwayoyi iri biyu kuma wani ɓangare na bakin shuɗi yake fitarwa wani shunayya. Ma'aunin haske yana ba ka matsakaici ne, ba ya nuna maka waɗannan ramuka.

Yanzu mu zo kan hannu, domin a nan ne mafi yawan aiki ke lalacewa ko da fitila da kaya lafiyarsu ƙalau. Ka ɗauki ramin da ke tsakanin turame biyu na ƙasa, a can baya. Ka zagaye haƙorin da zoben ƙarfe, ka sa shimfiɗar farko a gindin ramin ta wajen dasashi. Bakin fitila ba zai iya shiga ramin ba, zai tsaya ne a kan tuddan haƙorin, kuma daga nan zuwa gindin ramin sau da yawa milimita 6 zuwa 8 ne. A wannan tazara haske ya riga ya bazu, wasu fitilu suna asarar rabin ƙarfinsu ko fiye kafin ya isa. Zoben ƙarfen yana tare haske ta gefe. Mara lafiya ba ya iya buɗe baki sosai, sai bakin fitilar ya shigo a karkace, bangon ramin ya jefa inuwa daidai kan kusurwar da ta fi buƙatar haske. Sannan mai riƙe fitilar, ko kai ko mai taimaka maka, ya kau da kai saboda hasken yana damun ido, hannu ya zame milimita biyu ko uku ba wanda ya lura. Fitila ta yi ƙara, an ce an gama. Wannan kusurwa ta wajen dasashi ita ce wurin da ruɓewa ta fi komowa a ƙarƙashin irin wannan ciko.

Gyaransa ba shi da wuya, sai dai yana son a mai da shi ɗabi'a. Ka sa tabarau mai ruwan lemo ka kalli abin da kake haskawa daga farko har ƙarshe. Tabaran yana kare idonka daga shuɗin hasken da ke iya cutar da bayan ido idan ya yawaita, kuma yana ba ka damar kallo. Ka gyara kan mara lafiya da kujerar yadda bakin fitila zai sauka a miƙe, fuskarsa daidai da fuskar cikon. Ka kafa yatsa a kan haƙori na kusa, ka riƙe bakin fitilar da ɗaya hannun idan ya kama. Sakan ɗaya na farko ka bar tazarar milimita ɗaya don kada kaya ya manne a baki, da saman ya kama sai ka matso har ya kusa taɓawa. Idan gindin rami ya yi nisa, ka ninka lokacin. Bayan ka cire zoben ƙarfe, ka sake haskawa ta wajen kunci da ta wajen harshe, kowanne sakan 10 zuwa 20. Hasken da ya ratsa ɓawon haƙori da dentin yana raguwa sosai, saboda haka wannan ƙari ne a kan haskawar sama, ba madadinta ba.

Kaurin shimfiɗa shi ne abu na gaba, kuma dokar milimita 2, wato kada shimfiɗa ɗaya ta wuce wannan kauri, ba don ado aka kafa ta ba. Haske yana raguwa da sauri yayin da yake nutsawa, wani ɓangare sinadarin ya shanye, wani garin gilashi ya watsar, wani launin kayan ya tare. Bayan milimita 2 a kwamfosit na gargajiya, abin da ya rage ba ya isa, kuma ƙarin lokaci yana taimakawa ne kaɗan, ba ya mai da shimfiɗar milimita 4 ta zama daidai. Ido yana yaudara a nan. Abin da ka ɗauka milimita 2 ne a cikin rami mai zurfi sau da yawa ya kai 3. Ka auna zurfin ramin da tsinken awo mai layuka kafin ka fara, ka san shimfiɗa nawa za ka yi. Kayan da ake zubawa lokaci guda, waɗanda aka rubuta musu milimita 4, wasu har 5, sun samu wannan ne ta hanyar ƙara musu shigar haske, da rage watsewa, da ƙarin sinadarin tayarwa. Suna aiki, amma da sharaɗinsu: ramin da ya kai milimita 6 yana buƙatar shimfiɗa biyu, kuma irin mai ruwa-ruwa daga cikinsu yawanci sai an rufe samansa da kwamfosit mai ƙarfi domin ba ya jure tauna.

Launi da duhun kaya suna canja lissafin. Launi mai duhu kamar mai lamba A3.5 ko A4 a jerin launukan haƙori, da kayan da aka yi don su ɓoye baƙin dentin, ba sa barin haske ya wuce kamar launin ɓawo mai haske. Irin waɗannan a sa su milimita 1 zuwa 1.5, a kuma ba su lokaci mai tsawo, sau da yawa ninkin na launi mai haske. Girman garin da ke ciki ma yana da tasiri: kayan da garinsu ya yi laushi ƙwarai, ya dunƙule zuwa girman da ya kusanci tsawon zangon hasken, sun fi watsa shi, don haka zurfin daskarewarsu ya fi ƙanƙanta.

To me zai hana a yi ta haskawa minti biyu a huta? Zafi. Fitila mai ƙarfi tana dumama haƙori, daskarewar kanta ma tana fitar da zafi. Binciken Zach da Cohen na 1965 a kan haƙoran birai ya nuna cewa ƙarin digiri 5.5 na ma'aunin Celsius a cikin jijiyar haƙori ya kashe ta a kashi 15 cikin ɗari na haƙoran, kuma har yau wannan adadi ake riƙewa a matsayin gargaɗi. Haɗarin ya fi yawa lokacin haska gam, wato ruwan da ke liƙa ciko a jikin haƙori, da shimfiɗar farko a rami mai zurfi, inda dentin ɗin da ya rage siriri ne. Leɓe da dasashi ma suna ƙonewa, har ta ƙarƙashin robar killace haƙori, mara lafiya kuma ba zai ji ba tunda an yi masa allurar kashe zafi. Idan za ka haska fiye da sakan 20 da fitila mai ƙarfi, ka raba shi biyu, ka huta 'yan sakanni a tsakani, ko a hura iska a kan haƙorin yayin haskawa.

Akwai abubuwan da ke hana daskarewa ko da haske ya wadata. Iskar oksijin tana kama ƙwayoyin da ke tayar da sarƙa, shi ya sa saman kowace shimfiɗa ke barin wani siririn danƙo. A tsakanin shimfiɗu wannan ba matsala ba ne, kada ka goge shi, shimfiɗa ta gaba za ta hau ta haɗe da shi. A saman ƙarshe kuwa ba a son sa, domin yana kama launi yana kuma toshe abin gogewa. Ko dai ka shafa gilisarin ka sake haskawa ta cikinsa, ko ka daskarar ta ƙarƙashin siririyar leda mai haske a haƙoran gaba, ko gogewa da sulɓantawa su cire shi. Sai yujinol, sinadarin man kanumfari da ke cikin wasu kayan cikon wucin gadi. Shi ma yana kashe waɗannan ƙwayoyi. Idan ka san kwamfosit za ka sa daga baya, ka zaɓi cikon wucin gadi marar yujinol, idan kuma an riga an sa, a kankare bangon ramin sosai a wanke. Miyau da jini da ruwan da ke tsattsafowa daga dasashi ba sa hana tsakiyar kaya tauri, amma suna raba shi da haƙori, suna kuma raba shimfiɗa da shimfiɗa. Robar killace haƙori ita ce mafi kyawun kariya, auduga da bututun tsotsa suna biye.

Kada ka manta da gam, domin shi ma da haske yake daskarewa, kuma shi ne ke can ƙasa da komai. Yana zuwa da abin narkarwa a ciki, asiton ko itanol ko ruwa, wanda dole a busar da iska mai sauƙi har sai ka ga saman ya daina motsi yana sheƙi. Idan ragowarsa ta tsaya, gam ɗin ba zai daskare sosai ba, zai zama kamar raga mai ɓuli da ruwan dentin ke ratsawa. A haska shi shi kaɗai kafin a sa kwamfosit, sakan 10 aƙalla, 20 idan ramin na da zurfi. Tsamin da ke biyo bayan ciko yana iya farawa daga wannan mataki.

Zafin kayan kansa yana da ɗan tasiri. Kwamfosit da aka ciro daga firji yanzu-yanzu yana da kauri, ƙwayoyinsa ba sa motsi, daskarewarsa tana raguwa. A fito da shi ya ɗauki zafin ɗaki kafin aiki. Wasu suna dumama shi zuwa digiri 50 ko 60 da 'yan kai a cikin na'ura ta musamman, ya yi laushi ya kwanta a bango da kyau, sai dai yana hucewa cikin ƙanƙanin lokaci da zarar an fito da shi. Ajiya a wuri mai zafi da wucewar ranar ƙarewa suna raunana sinadarin tayarwa. Fitilar kujera kuma tana iya fara taurara kayan tun kana gyara siffarsa, sai ya riƙa dunƙulewa ya ƙi kwanciya. Ka kau da ita ko ka juya ta zuwa hasken ruwan lemo, ka kuma rufe murfin sirinji nan take.

Ita fitilar fa, yaushe rabon da a auna ta? Ido ba ya iya bambanta shuɗin miliwat 400 da na 1000, duka biyun suna ƙyalli. Fitilar halojin tana raguwa a hankali yayin da ƙwai da matatar haske da madubin ciki suke tsufa. Ta LED ta fi daɗewa, amma ita ma tana raguwa idan ta yi zafi, wasu kuma idan batir ya yi ƙasa. Abin da ya fi yawa shi ne datti: ɗigon gam ko kwamfosit da ya daskare a bakin. Ka duba bakin kafin kowane mara lafiya. Idan bakin na zaren gilashi ne, ka cire shi ka ɗaga ɗaya ƙarshen wajen haske, baƙaƙen ɗigo da za ka gani zaruruwan da suka karye ne. Yawan dafa shi a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta yana barin farin ƙasa-ƙasa a fuskarsa. Ledar kariya da ake sa wa fitila tana rage haske kaɗan, abin karɓa ne, amma a ja ta ta kwanta sumul, kada ɗinkinta ya ratsa kan baki. Ka auna da ma'aunin haske a kai a kai, ka rubuta lambar a littafi tun ranar da fitilar take sabuwa. Ƙananan ma'aunan nan ba su cika daidaito ba, amfaninsu shi ne su nuna maka ranar da lambar ta fara sauka.

Akwai gwajin da za ka iya yi da kanka a kan tebur, wanda aka ɗauko daga ƙa'idar ISO 4049, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta gwajin irin waɗannan kayan ciko. Ana cika wani ɗan bututun ƙarfe mai faɗin milimita 4 da kwamfosit, a haska daga sama na tsawon lokacin da kamfani ya faɗa, a fitar da shi, a kankare ɗanyen da ke ƙasa da abin roba, a auna tsawon abin da ya yi tauri, sannan a raba biyu. Rabawar nan tana da ma'ana: rabin ƙasa na abin da ya ji tauri a hannu bai daskare yadda za a dogara da shi ba. Ƙa'idar tana neman aƙalla milimita 1.5 ga launuka na yau da kullum, milimita 1 ga masu toshe haske. A ɗakin bincike kuma ana gwada taurin ƙasa da na sama, ana son na ƙasa ya kai kashi 80 cikin ɗari na saman. Ka yi gwajin sau biyu, ɗaya bakin fitila a manne, ɗaya a nesa da milimita 6, ka gwada tsawon biyun. Abin da za ka gani zai gyara maka riƙon fitila fiye da duk bayanin da na yi.

Game da tsamin da ka ambata, adalci ne in ce ba kullum ƙarancin daskarewa ke kawo shi ba. Kwamfosit yana tsukewa yayin da yake daskarewa, kusan kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na girmansa a kayan da aka saba, mai ruwa-ruwa kuma ya fi haka. Idan ramin yana da bango huɗu da ƙasa, fuska biyar a manne ɗaya kawai a sake, kayan ba shi da inda zai ja sai daga bango, ko dai ya ɓalle daga ƙasa ya bar gurbi, ko ya janyo tuddan haƙori ciki. Maganinsa shi ne shimfiɗu ƙanana a karkace, kowacce ta taɓa bango ɗaya da ƙasa, ba ta haɗa bango biyu masu fuskantar juna lokaci guda ba. Wannan dabara tana biyan buƙata biyu, tana rage ja tana kuma tabbatar da haske ya ratsa. Kada dai ka rage haske da niyyar rage tsukewa, domin cikon da bai tsuke ba saboda bai daskare ba, ba riba aka ci ba.

Idan ka kai ga liƙa hular haƙori ko ƙusar cikin saiwa, ka tuna hasken zai ratsa wani abu kafin ya isa simintin. Siririn marfin tangaran na haƙoran gaba yana barin haske ya wuce, don haka siminti mai daskarewa da haske kaɗai ya isa, da ƙarin lokaci. Tangaran mai kauri fiye da milimita 1.5 zuwa 2, da zirkoniya, da cikin saiwa, suna buƙatar siminti mai daskarewa ta hanya biyu, haske da sinadari, kuma shi ma a haska shi ta kowace fuska domin ya fi ƙarfi idan ya samu hasken.

Su waɗanda suka dawo maka, ka bi su da tsari. Mai tsami, ka fara duba cizo da takardar gwaji, domin ciko mai tudu yana kawo irin wannan ciwo kuma gyaransa minti ɗaya ne. Idan cizo daidai ne, ka danna tsakiyar cikon da abu mai dunƙulen kai: zafi mai kaifi a nan, alhali danna tuddan haƙorin ba ya kawo komai, yana nuna gurbi a ƙarƙashi. Ka ɗauki hoton eksire ka dubi gefen wajen dasashi. Tsamin sanyi mai wucewa nan take, wanda ke raguwa mako bayan mako, ana iya sa masa ido. Wanda ke daɗewa bayan an cire sanyin, ko yake tashin mutum da dare, maganar jijiya ce kuma tana son gwajinta daban. Idan ya kama a cire cikon, ka lura da yadda injin ke cinsa yayin da kake sauka. Idan saman yana fita gari amma na ƙasa yana fita da laushi ko yana ɓantarewa da tsinke, ka samu amsarka, sai ka auna fitilar kafin ka sake cika ramin.